Iskar da Ke Bayan Ƙofar Awadiyya

Lahadi, 23 ga Yuni, uku da rabi na rana

An ɗauke wuta ƙarfe biyu. Da awa biyu ake yi, yau Ammu Isam mai gadin gidan ya ce an mai da ita uku, kuma duk Alƙahira ne, ba mu 'yan Hayyin Ashir kaɗai ba. Ni da na taso a Zariya cikin ɗauke wuta, ranar farko dariya na yi, har ina wa Misirawa tsiya wai su zo in koya musu. Yau ban yi dariya ba. A gida in an ɗauke sai ka ja tabarma zuwa gindin mangwaro. Nan muna hawa na bakwai, samanmu rufin kankare ne da rana ke wuni tana gasawa, ƙasanmu matakalar da Baba ba zai iya sauka ba in lif ya tsaya.

Yana kwance a kan tayil, na jiƙa tawul na ɗora masa a ƙirji. Numfashin nan nasa. Likita ya ce zafi ne babban abin da zan tsare masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wannan na fassara masa. Sauran ban fassara ba. Baba ba ya jin Larabci, duk abin da na ce masa likita ya faɗa, shi ke nan abin da likita ya faɗa.

Laifina ne kuma. A watan Janairu, da na bar masaukin ɗalibai don in tarbe shi, dillali ya nuna min gida biyu ƙofa da ƙofa, ɗaya na kallon arewa, ɗaya kudu. Sanyi ake tsulawa. Na shiga na arewan na ji iska na kaɗa tagogi, na ce Allah ya kiyaye in ajiye tsoho a nan. Na ɗauki mai rana ina jin kaina mai wayo. Kallon da dillalin ya yi min sai yanzu na gane shi.

Litinin, 24 ga Yuni, biyar da kwata

An ɗauke biyu, an kawo biyar. Ya sha kunu cokali shida.

Talata, 25 ga Yuni, bayan azahar

Asibiti. Dole mu dawo kafin biyu, in ba haka ba lif ya tsaya muna ƙasa. Likita ya daɗe yana kallon sabon hoton. Baba ya tambaye ni me ya ce, na ce ya ce a ci gaba da magani. Ya ce to, madalla.

Laraba, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na ga abin mamaki, kuma taku huɗu ne daga ƙofarmu.

Gidan da na ƙi, Khala Awadiyya ce ta kama shi ita da 'yarta Tagwa. 'Yan Sudan ne, amma Hausawa, kakanninsu ne suka taho aikin Hajji a ƙafa suka zauna a can. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci na faɗowa ciki. Mijinta Fadl ya tsaya a Omdurman bai biyo su ba. Bayan ƙaramar Salla aka bugo waya ya rasu. Tun ranar take takaba, kuma tasu takabar ba wasa: farin zane, tabarma a ƙasa, ba turare, ƙofa a kulle, namijin da ba muharraminta ba ko inuwarta ba ya gani. Ko mai kawo gas a bakin matakala yake ajiyewa ya sauka.

Na kai musu ɗan dambu bayan an ɗauke wuta. Tagwa ta buɗe min kaɗan, na shige ta mayar ta rufe. Sai na tsaya cak da kwano a hannu. Labulensu na tashi har yana taɓa silin. Ba fanka, ba esi, ba komai, iska ce kawai ke shigowa ta baranda, mai sanyi, ba ta yankewa. Gumin bayana ya bushe ina tsaye. Tagwa ta ce iskar bahari ke nan, daga teku take tahowa, ta ratso ƙasar duka, kullum da rana haka take. Wata shida ina gidan nan ban san da ita ba.

Khala ta tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi. Na koma namu ɗakin kamar na shiga tanda, na zauna a banɗaki na yi kuka don haushi.

Alhamis, 27 ga Yuni, shida na yamma

Ban san me ya kai bakina na ba Baba labarin iskar ba. Mutumin da ya kwana biyu ko zaune bai yi ba sai ga shi ya dafa bango ya miƙe.

Na manta wane ne shi, wallahi na manta. Wata shida ina kallonsa a matsayin mara lafiya, mai lambar kati da jerin ƙwayoyi. Baba ne fa Ɗanmalam magini. Shekara arba'in yana ginin ƙasa, sorayen da ya ɗaga a cikin birni har gobe ana kwana ciki da bazara ba fanka. Ya zare zare ɗaya daga bakin mayafina, ko izini babu, ya riƙe shi da yatsu biyu yana bin gidan a hankali. Bakin taga, zaren bai motsa ba. Tsakar falo, bai motsa ba. Ya durƙusa da ƙyar a ƙasan ƙofar waje, sai zaren ya ɗan karkata. Ya yi murmushi irin na wanda ya hango ɗan garinsu a tasha.

Daga nan ya ce in kai shi tagar kicin, wadda ke kallon manwar, wato ramin nan da ke tsakiyar bene tun daga ƙasa har sama, inda tagogin kicin da banɗaki ke buɗewa. An kawo wuta lokacin. Ya leƙa, hucin ya doki fuskarsa. Ya sa na ƙirga injinan esi da aka rataye a ciki. Goma sha huɗu, duk suna gurnani.

"Uwani," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "waɗannan ba sanyi suke yi ba. Kowa kwashe zafin ɗakinsa yake yana zuba wa maƙwabcinsa. Shi ma sai ya sayo nasa ya rama."

Ya ce wanda ya zana gidan nan ya san aikinsa, mutanen ciki ne suka toshe masa hanci. Iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba. Ya tambaya ko matakala tana da ƙofa a sama. Akwai, da ƙaton kwaɗo.

Asabar, 29 ga Yuni, bayan la'asar

Kwana biyu ina bin Ammu Isam a kan mukullin rufi. Ma'alish ya duktura, bukra, wato yi haƙuri likita, sai gobe. Ni ba duktura ba ce, kuma bukrarsa ba ta zuwa. Ashe tsoron Ustaz Munzir na hawa na uku yake, shugaban mazauna gidan, tsohon malamin makaranta mai esi uku, wanda ya sa aka kulle rufin tun shekarar da wasu suka fara kiwon agwagi a can. Yau raina ya ɓaci. Na ce wa Ammu Isam ya hau ya kalli tsohon da idonsa, in ya so ya sake ce min bukra. Ya hau. Ya tsaya a ƙofa bai fi minti ɗaya ba, ya juya ya ciro mukulli.

Baba ya ce a buɗe ta sama, a kuma buɗe ƙofar titi duka ɓangare biyu. Muka tsaya a bakin matakala. Da farko shiru. Can sai wata tsohuwar leda da ke hawa na shida ta motsa, ta taso, ta wuce mu tana juyi, ta fice ta sama. Bene mai hawa bakwai ya ja numfashi ina gani. Ammu Isam sai subhanallah yake maimaitawa, shekara goma sha tara yana gidan.

Ya taimaka, amma kaɗan. Iskar matakala wucewa take ta gaban ƙofarmu, kuma ta kwaso ɗumin titi. Baba ya kalli ƙofar da ke fuskantarmu ya daɗe. Ya ce ta gaskiyar tana bayan waccan, da za a buɗe ta da tamu a lokaci guda, da ta ratsa mu ta fita ta tagar kudu. Kafin in yi magana ya ɗaga min yatsa. Ya ce kada in kuskura, matar mutane tana takaba.

Lahadi, 30 ga Yuni, huɗu saura

Ya sume min. Minti nawa ban sani ba. Ya farfaɗo.

Lahadi, bayan magariba

Tagwa ce ta taimake ni muka ɗaga shi. Bai san ta shigo ba.

Litinin, 1 ga Yuli, shida na yamma

Na saɓa masa. Yana barci na tsallaka.

Na durƙusa gefen tabarmar Khala na gaishe ta. Na yi niyyar in yi zancen iska da ƙofa kawai, a tsare, yadda Baba ya yi bayani. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana faɗa mata abin da ke cikin takardar asibiti. Duka, har da adadin lokacin da likita ya ce ya rage masa. Wannan ne karo na farko da na faɗe shi da Hausa. Da Larabci yana zama a takarda, da Hausa sai ya zama Baba.

Carbinta kawai take ja. Tagwa ce ta yi magana, a hankali, ta ce in yi haƙuri, dangin babanta suna unguwar Arba wa Nus, kuma ba abin da ke faruwa a gidan nan da ba ya kai musu kafin magariba. Za a ce tun kafin wata uku uwarta ta buɗe ƙofa ga namiji. Gaskiya ta faɗa. Kunya ta kama ni, na ba su haƙuri na fito.

An ɗauke biyu, an kawo biyar.

Talata, 2 ga Yuli, biyar da rabi

Allahu Akbar. Bari in rubuta tun ban manta ko ɗaya ba.

Mun dawo asibiti ɗaya da rabi, ya galabaita. Ƙarfe biyu fanka ta tsaya. Na ɗauko tawul ke nan sai na ji ƙarar mukulli a waje, sau biyu. Na leƙa. Ƙofar Khala a wangale. Tagwa na kan kujera tana kafa ƙusa, ta rataye labulen da suka ɗinka da buhunan algarara uku, tun daga sama har ƙasa. Ba ka ganin komai ta ciki. Ta ce min tun asuba uwarta ke ɗinkin da hannunta.

Na buɗe tamu, na buɗe tagar kudu yadda Baba ya ce. Buhun ya kumbura kamar cikin mai juna biyu. Sai iskar ta shigo. Ta kwashe takardun makarantata daga kan tebur ta watsar, ta kaɗa kalanda, ta bi ta kan Baba. Na ga gashin gemunsa na motsi. Ya lumshe ido, ƙirjin nan da ke hawa da sauka kamar ana kora shi ya lafa a hankali. Na zauna ina kallon numfashinsa kusan awa guda, ko takardun ban tsince ba.

Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Abin da ya ce kawai, a yayyafa wa buhun ruwa. Tagwa ta yayyafa, iskar ta ƙara sanyi har na ji tsigar jikina na tashi. Wannan iskar tun kafin a haifi kakan kakana take wucewa ta nan kowace rana, ba ta neman komai wurin kowa, ƙofa kawai take so.

Da aka kawo wuta ban kunna fanka ba. Mantawa na yi.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan azahar

Ya ci tuwo. Ya nemi ƙari.

Asabar, 6 ga Yuli, tara na safe

Baba ya zama ɗan kwangila daga kan katifa. Ya sa Ammu Isam ya shafe rufin da farar ƙasa, jiya na taɓa silin da tsakar rana ban janye hannu ba. Ya kafa doka: tagogin katako na ɓangaren kudu a rufe su tun hantsi, a bar ɗaya kawai a sama-sama, sai rana ta juya a buɗe. Ya sa an ajiye randa a bakin matakala inda iska ke bi, ruwanta ya fi na firji daɗi, ba ya sa haƙori tsami. Ni ce tafinta, ni ce ɗan aike, kuma in na yi kuskure a gaban mutane yake min faɗa, wai Uwani karatu ya cinye mata kai.

Mutanen hawa na shida sun hau sun gani. Jiya su ma sun buɗe ƙofa da ƙofa, da labule. Iyali biyu ne da suka shekara ba sa gaisawa saboda rigimar shanya.

Talata, 9 ga Yuli, bayan azahar

Asibiti. An rage ƙwaya biyu. Na ce masa alamar sauƙi ce.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Abin da Tagwa ta ji tsoro ya zo. Widad, ƙanwar marigayi, ta taso tun daga Arba wa Nus ta hau bene bakwai a ƙafa, don lif a tsaye yake, ta iso tana haki da faɗa. Ƙofofi a buɗe, komai a kunnenmu. Ta ce an zubar musu da mutunci, ƙasar kabarin ɗan'uwanta ba ta bushe ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya sa hannu zai tura ƙofarmu.

Sai muka ji muryar Khala, ba ta ɗaga ta ba, kuma da Hausa ta yi maganar, ina jin don a ji ta a ɗakinmu.

"Ni aka ce in zauna a ɗaki, ya Widad, kuma ina zaune. Ba wanda ya ga fuskata. Iskar ba mijinta ne ya mutu ba."

Widad ba ta sauka ba sai bayan biyar. Tagwa ta ce barci ya kwashe Widad a kan tabarma, ta tashi tana tambayar inda ake samun buhun algarara a Alƙahira. Na yi dariya har da hawaye. Baba bai yi ba, ya daɗe yana kallon labulen.

Lahadi, 14 ga Yuli, shida na yamma

Ustaz Munzir da kansa, da rigar barci mai zane-zane, ya hau ya zauna gaban Baba. Na ɗauka faɗan rufi ya kawo. Ashe matarsa ce ta kore shi, wai kowane hawa ya buɗe sai nasu. Ya ce a bayan Azhar akwai tsofaffin gidaje masu baki a kan rufi yana kallon arewa, yana kamo iskar ya tura ta ƙasa, ya sha kai ɗalibai su gani, bai taɓa kawowa a ransa abin amfani ba ne. Ya ce kakanninsu sun sani, su suka manta, sai da wani ya zo daga Zariya. Baba ya ce shi ma a wurin babansa ya gani, babansa kuma bai san inda Masar take ba. Suka yi ta mamakin juna, tsofaffi biyu, kowa na kwatanta kaurin bango da hannu. Yau kam na fassara komai, kalma bayan kalma, kuma na ji daɗin aikin.

Da yamma na leƙa manwar. Cikin sha huɗu, uku ne ke aiki, alhali da wuta. Ba huci. Ina jin ƙarar cokali a kicin ɗin hawa na biyu, da wata tana rera wa jaririnta waƙa. Ammu Isam ya ja ni ƙasa ya nuna min mitocin gidan, wai da gudu suke, yanzu tafiyar tsofaffi suke yi. Ba wanda ya rasa komai. Mata ma sun fara fitowa bakin matakala da kofin shayi.

Talata, 16 ga Yuli

Asibiti. Likita ya yi min magana a waje, ba a gabansa ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan azahar

Cokali uku. Ƙafafun sun ƙara kumbura. Amma yana barci, barci mai daɗi, iska na kaɗa masa riga.

Lahadi, 21 ga Yuli, huɗu na yamma

An ce daga yau an daina ɗauke wuta. A titi har da guɗa. Na ce shi ke nan, kowa zai rufe ƙofarsa ya kunna injinsa, manwar ya koma murhu, Khala kuma ba ta da sauran hujja a gaban dangin miji.

Biyu saura na zauna ina kallon fanka. Biyu ta yi, tana ta juyawa. Biyu da minti biyar na ji mukulli, sau biyu. Sai na ji na hawa na shida, sai na biyar, ƙofa bayan ƙofa har ƙasa, kamar ana amsa sallama. Na tashi na kashe fankar da hannuna. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba, bene guda da wuta a bango, ba wanda ya hana su, sun zaɓi iska.

Talata, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Ba mu je asibiti ba. Na shirya, na ɗauko katin, ya ce in ajiye in zauna. Muka zauna har aka buɗe ƙofofi. Ya sa na jingina shi da bango inda yake ganin buhun yana kumbura yana sacewa.

Ya ce in nema mana jirgi, yana so ya ga gida da idonsa. Na fara abin da na saba, na ce ai likita ya ce a ƙara haƙuri, magani yana aiki, zuwa watan gobe. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Uwani, mace mai takaba ba ta buɗe ƙofarta don mutumin da zai warke. Tun ranar da na ji mukullin nan na sani."

Na ce, "Baba, sati uku? Me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya ce ya ga ina ta ƙoƙari da fassarata, bai so ya ɓata min aiki.

Akwai jirgi ranar Juma'a. Ban san sanda na kifa kaina a gwiwarsa ba. Wata shida ina jinyarsa, yau shi ya riƙe ni har aka kira salla.